Koyon gyaran firigo da kilim a cibiyar gwamnati a Garwa, abinda na gani

Jama'a assalamu alaikum. Samarin kartiyenmu sun dame ni da tambaya wai wannan koyon sana'ar da gwamnati ke biyan kuɗinsa da gaske ne ko kuwa irin abin nan ne da ake tara mutane a ɗauki hoto a watse, to bari in amsa gaba ɗaya kowa ya karanta. Da gaske ne. An koya mana kuma an koya mana da kyau, yau da shi nake ciyar da iyalina, na ajiye ɗaukar fasinja a mashin. Amma wajen da aka ce in ka gama za a sama maka aiki, nan nake da magana, sannan ita kanta ƙofar shigar an yi ta ne yadda talakan da aka ce don shi aka buɗe wurin shi ya fi kowa shan wuyar wucewa. Ba zan kama sunan cibiyar ba, malaman da ke ciki mutanen kirki ne bana so maganata ta taɓa abincin wani. Ta gwamnati ce dai, a nan Garwa, kuma sashen da na yi na sanyi ne, firigo da firiza da kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki.

Akwai abinda ya kamata mu cire daga ranmu tukuna, musamman mu mutanen arewa, wato ɗaukar irin wannan abu kamar wani babba ne ya yi mana alfarma. Kuɗin jama'a ne wallahi. Asusun samar da aiki na ƙasa, FNE, tun 1990 aka kafa shi lokacin da tattalin arzikin Kamaru ya shiga matsi ana ta rufe kamfanonin gwamnati ana sallamar ma'aikata, kuma kuɗinsa yana fitowa ne daga kashi 1 cikin 100 na albashin da kamfanoni ke biya, patron ne ke zubawa. Ma'aikatar aiki da koyon sana'a tun 2004 take, ita ke kula da cibiyoyi da jarrabawar CQP da DQP, wato takardun shaidar iya sana'a. A Fabrairun 2016 shugaban ƙasa Paul Biya ya sanar da shiri na musamman na matasa na shekara 3, sefa biliyan 102. Ga PAJER-U na tallafa wa matasan ƙauye da birni, ga PIAASI na masu ƙananan sana'o'i, ga cibiyoyin matasa na CMPJ. Abinda yasa na kawo wannan, na ga yara a ajinmu in an yi musu abinda bai kamata ba sai su sunkuyar da kai su yi shiru, wai ai kyauta ake musu kar su yi magana a kore su. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan, ka yi ladabi eh, amma ka tambaya.

To maganar shiga. Dosiye ake nema, kuma in ka gan shi a rubuce a jikin bango zaka ce ba wani abu bane, takardar neman shiga da ka rubuta da hannunka, kwafin akt na haihuwa, kwafin katin ɗan ƙasa, hotuna, takardar makaranta in kana da ita. Sai ka fara haɗawa zaka gane kowace takarda da kuɗinta, tambur ɗaya, kan sarkin da ake manna wa takarda, sefa 1,500 ne yanzu, kuma ba guda ɗaya za a nema ba, ga kuɗin fotokofi, ga hoto, ga mashin zuwa meri, wato ofishin magajin gari, da dawowa, ga yinin da ka kashe a layi baka nemi ko sisi ba. Wanda yake da albashi wannan ba komai bane a wurinsa. Mai tura amalanke a babbar kasuwa ko yaron da ke wankin mashin a bakin hanya, kuɗin abincin gidansu na kwanaki ne.

Amma tambur ɗin ma da sauƙi, babbar matsalar akt ce. Ina da aboki tun muna yara, a ƙauye aka haife shi wajen Gashiga, a gida, ba wanda ya je meri ya rubuta shi. Ya yi allo ya sauke, yana rubuta ajami kamar me, kuma in ka ba shi rediyo ko fanka da ta mutu zai buɗe ta ya tada ta ba wanda ya koya masa, wallahi ya fi ni hannu nesa ba kusa ba. Tare muka je. Ni aka karɓi nawa shi aka ce ya kawo akt. Wanda lokacin rubuta haihuwarsa ya wuce kuwa sai ta kotu, abin nan da ake cewa jujma, sai ka je asibiti likita ya ƙiyasta shekarunka, ka karɓo takarda a meri cewa babu sunanka a littafi, ka kawo shaidu, ka jira ranar zama, in an yanke ka koma meri a rubuta maka. Kafin ya gama wannan zagayen an rufe karɓar dosiye har mun yi nisa. Kowa a arewa ya san yawan yaran da ke kai ajin ƙarshe na firamare su kasa zana jarrabawar CEP saboda rashin akt, to su ɗin ne dai suke girma su zo ƙofar cibiyar sana'a a sake mayar da su saboda takardar. Abinda nake gani, a karɓe su da sharaɗi, a haɗa su da meri lokacin da ake zaman kotu na tafi da gidanka, kafin ranar jarrabawa takardar ta fito. Ba abu bane mai wuya in an so.

Harshe kuma ban samu matsala sosai ba, na yi makaranta har aji uku na sakandare. Darasi da Faransanci ake yi, allo da Faransanci, jarrabawa da Faransanci. Sa'ar da muka yi malaminmu na aikin hannu in ya ga idon yara ya yi fari-fari sai ya juya Fillanci, wani lokaci har ya ɗan taɓa Hausa, nan take zaka ga aji ya farfaɗo. Amma wannan kirkinsa ne shi kaɗai, ba tsari bane, malamin lissafi da na lantarki shi dai karantawa yake ya wuce, wanda ya gane ya gane.

Yanzu kalmar kyauta. Gaskiya ne ba a karɓi kuɗin makaranta a hannunmu ba, har rigar aiki an bamu. Sai dai abinda masu tsara irin wannan shiri basa lissafawa shi ne talakan birni ba kuɗin makaranta kaɗai ne ke hana shi koyo ba, yininsa ne jarinsa. Daga safe zuwa bayan azahar kana cibiya, wato lokacin da 'yan makaranta da ma'aikata da 'yan kasuwa ke neman mashin ya wuce ka, ni sai in fito in hau mashin daga la'asar har dare ya raba don in haɗa kuɗin mai mashin ɗin da na cefane, da safe in zo aji ido ja. Wanda ke zaune can Jambutu ko bayan gada kuma mashin zuwa da dawowa kullum sefa 200 ko 300 kowace tafiya, ga abin karyawa. An ce mana akwai ɗan kuɗin mota da za a riƙa bamu. Ya zo, ba zan ce bai zo ba, amma a dunƙule can kusa da ƙarshe, bayan waɗanda suka fi kowa buƙatarsa sun riga sun daina zuwa. Wannan abu ya tsaya min a rai har yau. Na ga yaro mai ƙwaƙwalwa, shi ke fara gane zanen waya kafin kowa, mahaifinsa ya kwanta ciwo, ya zo ya ce wa malam "Malam ka yafe ni, gida ba abinci", malam ya ce "ɗana ka daure ko sati biyu", bai iya ba, yanzu yana dako a tasha. Da ana ba shi kuɗin nan duk Juma'a ko da ta Orange Money ko MoMo ne, da ya gama. Kuɗin ɗaya ne fa, ba ƙari nake cewa a yi ba, lokacin bayarwar kawai za a gyara.

Koyarwar kanta kuwa, nan kam sai godiya, kuma ina so in daɗe a nan don masu cewa ai gara ka je shagon wani ka koya. Na san shago, ƙanena ya yi shekaru a shagon gyaran firigo, shara da aike da ɗauko kaya, maigidan baya bari ya ga yadda ake saka gas sai ya aike shi sayen shayi. Ya iya canza rele da tarmosta, ya iya gane kwamfuresa, injin da ke matsa gas, ta mutu, amma ka tambaye shi me yasa, shiru. Mu a makon farko ma ba a bari mun taɓa firigo ba, sai da malam ya zana mana yadda gas ke zagayawa, kwamfuresa ta matsa shi ya yi zafi, ya bi bututun baya ya saki zafin ya zama ruwa, ya matse ta siririn bututun nan kamar allura, ya shiga ciki ya buɗe ya kwashe zafin abinda ka ajiye. Da ka gane wannan zagayen shikenan, firigo da firiza da kilim da na mota duk abu ɗaya ne, girma ne ya bambanta.

Daga nan ne na gane dalilin da yasa firigon mutane ke dawowa shago bayan wata biyu. Yawancin masu gyara a gari basa zuƙe iska daga bututu kafin su saka gas, basu da injin ma, sai su ɗan hura su rufe. Danshin da ya rage a ciki shi ke daskarewa a bakin siririn bututun ya toshe shi, sai firigo ya yi sanyi yau gobe ya ƙi, mai shi ya ce an cuce shi, mai gyara ya ce ai gas ne ya ƙare a ƙara. Gas baya ƙarewa haka kawai, in ya ragu to akwai inda yake yoyo, ka nemo wurin da ruwan sabulu ka liƙe, ka canza filta, ka zuƙe iska sosai sannan ka saka gwargwadon abinda aka rubuta a jikin firigon. An koya mana bambancin gas iri biyu, R134a da R600a, cewa man kwamfuresarsu ba ɗaya bane ba a musanya su, kuma shi R600a da ke cikin yawancin sababbin firigo yana kama wuta, in ka kunna shalimo, wato wutar walda, baka fitar da shi ka bar iska ta shiga ɗakin ba zaka iya ƙona fuskarka da shagon mutane. An gaya mana R22 na tsofaffin kilim ana kan janye shi a duniya saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan iskar da ke kare mu daga zafin rana, don haka mu saba da R410A da R32 tun yanzu. Malam baya wasa da maganar wuta, in ya ga ka taɓa waya baka auna da miltimita ba ranar ka gama aiki, zama zaka yi kana kallo. A lokacin muna jin haushi, yanzu duk ranar da na buɗe kilim na ga yadda wani ya haɗa waya ba ta ƙasa sai in yi masa addu'a.

Kayan aiki ne suka yi kaɗan. Injin zuƙe iska guda ɗaya ne ga aji gaba ɗaya, manomita, abin auna ƙarfin gas, guda biyu ɗaya ma allurarta ta lalace, gas kuma in kwalba ta ƙare sai a jira takarda ta hau ta sauko. Firigon da muke koyo a kai tsofaffi ne, irin sababbin kilim masu kati a ciki da ake kira inbata ba mu taɓa ko ɗaya ba sai a zane, alhali su ne ke cika otal da ofisoshi yanzu. Ga ɗauke wuta. Duk ɗan Garwa ya san in rani ya yi nisa ruwan Lagdo ya ja baya, madatsar da aka gina don megawat 72 bata iya bada ko kusa da haka, an samu sauƙi da tashoshin hasken rana na Gidar da Marwa amma har yanzu ana ɗaukewa, cibiya kuma ba janareta mai aiki, sai mu zauna ƙarƙashin dalbejiya malam yana mana bayani da baki. Shi kansa wani lokacin da kayan shagonsa yake zuwa a bayan mashin don mu samu abin taɓawa, wannan ba aikinsa bane, Allah ya saka masa.

Sai sitaj, wato zuwa koyon aiki a wurin masu sana'ar. An rarraba mu shaguna da kamfanoni, kuma a nan sa'a ce kawai ke aiki don ba wanda ya je ya duba wuraren kafin a tura mu, ba kuma wanda ya biyo baya ya ga me muke yi. Ni na faɗa hannun wani dattijo mai kwangilar kilim na wasu ofisoshi, ranar farko ya ce "yaro me aka koya maka", na faɗa, ya miƙo min manomita ya ce "to nuna min", daga ranar tare muke hawa tsani, in an biya shi ya ɗan sammin na sabulu. Wani abokin karatuna kuma aka kai shi inda watanninsa duka wankin motar patron da kai yara makaranta ya yi, ranar ƙarshe aka buga masa hatimi a takarda cewa ya yi sitaj. Da ya kai ƙara cibiya aka ce ya yi haƙuri wurare sun yi wuya. Na yarda sun yi wuya, amma ko kiran waya ɗaya a wata zuwa ga patron ɗin zai sa ya san akwai mai bibiya.

To ga inda aka fi yi mana alkawari, samun aiki. A cibiyar akwai ofis guda na wanda aka ce shi ke haɗa waɗanda suka gama da masu ɗaukar aiki. Mutumin yana da fara'a, ya koya mana rubuta CV da takardar neman aiki, yadda zaka tsaya gaban mai ɗauka, kar ka je da silifas, kar ka ce komai ma zan iya. Wannan ya amfane ni. Ya karɓi lambobinmu ya ce za a kira. A cikin waɗanda muka gama tare, waɗanda aka kira ta wannan ofishin basu kai yatsun hannu ɗaya ba, kuma duk masu BEPC ne, takardar gama ƙaramar sakandare, ko sama da haka. In ka duba sanarwar da ake liƙawa zaka gane dalili, ana neman mai BAC, takardar gama sakandare, ana neman mai shekara 3 ko 5 yana aikin, ana neman mai parmi na tuƙi, wasu ma a Duwala ko Yawunde suke, wa zai baka kuɗin mota da wurin kwana. Kuma in za a faɗi gaskiya ba laifin mutumin bane shi kaɗai, kamfanoni nawa ne a Garwa masu ɗaukar ma'aikaci da takarda? Sodecoton na auduga, kamfanin lemo, siminti a Figil, otal-otal, asibitoci, ƙungiyoyin agaji, ka kusa gamawa. A ƙasar nan kusan mutum 9 cikin 10 masu aiki ba a kamfani mai rajista suke ba, kansu suke yi wa aiki ko wani ɗan shago. To in haka ne don me za a tara yara a ce musu za a sama muku aiki, a gaya musu tun ranar farko cewa mafi yawanku kanku zaku yi wa aiki, a kuma shirya su don haka, yadda ake yanka farashi, yadda ake rubuta debi, takardar ƙiyasin kuɗin aiki, yadda zaka raba kuɗin kaya da kuɗin hannu da ribarka, yadda zaka bi bashi wurin Alhaji ba tare da kun ɓata ba. Wannan darasin awa kaɗan aka ba shi a ƙarshe ana sauri, alhali shi ya kamata ya ci wata guda.

Waɗanda suka samu shago ya ɗauke su ma a duba abinda ake biyansu. Tun Maris 2023 mafi ƙarancin albashi a doka sefa 60,000 ne ga ma'aikacin da ba na gona ba a kamfanoni masu zaman kansu, na gona 45,000. Ni an taɓa min tayin rabin haka, ba kwantiragi, ba rajistar fansho ta CNPS, daga safe har isha'i har da Lahadi. Ban karɓa ba don ina da mashin da zan koma kai, wanda bashi da komai kuwa karɓa zai yi, kuma cibiya zata rubuta shi a cikin waɗanda suka samu aiki.

Kayan fara sana'a da aka ce za a bamu sun zo bayan watanni, an yi biki an ɗauki hoto. Akwai filaya da sukundireba da miltimita da abin yanka bututu, masu kyau ne ba laifi, har yanzu ina aiki da su. Babu manomita, babu injin zuƙe iska, babu shalimo, wato ukun da in babu su kai ba mai gyaran sanyi bane, kuma su ne malam ya shafe watanni yana cewa kar mu kuskura mu yi aiki babu su. Wasu sun sayar da nasu a satin, ban zarge su ba, mutum na da bashin mai shago. Mu huɗu muka haɗa kuɗi kamar adashi muka sayi injin ɗaya na hannu da manomita, muna karɓa-karɓa, wanda ya samu aiki ya kira ya ɗauka. Da cibiya zata yi haka da kanta, ta ajiye manyan kayan ana ara ana mayarwa da ɗan kuɗi kaɗan, da ya fi rabon jakunkunan nan amfani. Atestasiyon kuma, takardar shaidar gama koyo, ta daɗe bata fito ba, har wani ya rasa aikin otal saboda an ce ya kawo takarda bashi da ita a hannu.

Ni aikina ta hannun dattijon nan na sitaj ya fara zuwa, in aiki ya yi masa yawa ya turo min, sai kuma mata masu ƙanƙara da folere da kosam a kartiye. Duk wanda ya san Garwa a Maris da Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ga azumi ya faɗo cikin zafi a shekarun nan, ya san firizar Hajiya mai ƙanƙara in ta tsaya kwana ɗaya asara ce babba. Masu kifin Lagdo, mahauta, masu kantin magani, masu butik, duk suna neman wanda zai zo da wuri kuma ya faɗi gaskiya. Wata Hajiya na gyara mata na ce "Hajiya in an ɗauke wuta ki cire filogi, in ta dawo ki bari minti biyar kafin ki mayar, kuma ki sayi regilata don wutar unguwar nan tana faɗuwa", ta ce duk masu gyaran da suka zo ba wanda ya taɓa gaya mata haka, ita ta haɗa ni da matan layinsu kaf. Bayan hunturu kuma ƙura ta toshe bayan kilim, wanki kawai yake so, aiki ne mai sauƙi mai kuɗi in ka san ofisoshin da zaka ƙwanƙwasa kafin zafi ya shigo. Lokacin damina da sanyi kasuwa tana ja baya sosai, wannan ma ba a gaya mana ba, sai ka iya ajiya ko ka haɗa da wayarin ɗin gida da sola.

Mata kuma, don Allah iyaye a bar su su shiga irin wannan sashen. Duk an tura su ɗinki da kitso har sun yi wa juna yawa, kowane layi tela uku. A ajinmu akwai yarinya, hannunta a walda bututu ya fi na mazan tsabta, kuma yanzu ita ke shiga gidajen kulle inda ni sai an jira maigida ya dawo kafin in shiga, kafin nan kifi ya lalace. Kasuwa ce guda da ba mai taɓa ta.

Ko ka yi cibiya ko baka yi ba, ka je ofishin FNE ka yi rajista, suna da reshe a Garwa da Marwa da Ngaundere, ba a biyan kuɗi, za a haɗa ka da mai bada shawara. Masu diplom su tambayi PED, shirin da suke raba kuɗin alawus da kamfani don ya ɗauki sabon da bai taɓa aiki ba. Masu shago da suka daɗe suna aiki ba takarda kuma, dokar koyon sana'a ta 2018 ta buɗe hanyar a auna abinda ka iya a baka shaida, ku je wakilcin ma'aikatar a jiha ku tambaya, da takarda ake samun kwangilar ofis.

Wanda zan ce ya shiga ba tare da tunani biyu ba shi ne saurayi ko budurwa da ke da inda zai ci abinci na watannin, ko mai ɗan abin yi da yamma. Mai iyali da ba wani mai tallafa masa ya fara zama da matarsa da 'yan uwansa a yi lissafi, a san wa zai riƙe cefane, don shiga a fita a tsakiya ya fi ciwo. In ka shiga ka nemi wurin sitaj ɗinka da kanka tun da wuri, ka je ka gaida mai shagon da ka san yana da aiki kuma baya ɓoye hannu, ka kai sunansa cibiya su rubuta masa takarda, sun fi son haka ma don ka rage musu wahala. Sanarwar ɗauka yawanci wajen komawar makarantu ake liƙa ta kuma bata daɗewa, wanda bashi da akt ya fara maganar jujma tun yanzu, abokin nan nawa na Gashiga tasa ta fito, bana zai sake kai dosiye sashen lantarki in Allah ya yarda.